Muhawara: Ranar da aka sauko da mahayan Ingila daga sirdi aka zuba su cikin rami

Malam Na-Tarihi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Batun da na kawo yau shi ne halin da sojan doki na Birtaniya suka shiga a Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da yaƙi ya daina tafiya ya kwanta cikin ramuka. Zan ɗauki rajimanti guda mu auna sauran da ita: Leicestershire Yeomanry. Ba sojan dindindin ba ne, 'yan sa-kai ne na gunduma, da yawansu manoma da masu kiwon dawaki. Sun isa Faransa a watan Nuwamba 1914. A daren 12 ga Mayu 1915 aka kai su tudun Frezenberg, gabas da garin Ypres a Beljiyam, suka karɓi rami daga hannun sojan ƙasa da suka gaji. Dawakinsu na can baya, nesa da fage. Kafin gari ya waye igwar Jamus ta fara sauka, ga ruwan sama. Wajen mutum 280 suka shiga. Da rana ta faɗi, 94 sun mutu, kusan adadin haka sun ji rauni, har da kwamandansu Laftanar Kanar Evans-Freke cikin mamatan. Tambayata: me ya sa rami ya fi cin mahaya haka? Ni dai ban yarda rashin iya faɗa ba ne.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam Malam. Ni a ganina amsar a fili take. An ɗauki mutanen da aka koya wa sukuwa da takobi da mashi, an ce su yi aikin da ba nasu ba. Wanda bai iya ruwa ba aka tura kogi. Tun farko ma ajiye dubban dawaki ana jiran ranar da za a fasa layi a yi sukuwa, almubazzaranci ne.

Tsohon Saje: Baban Ummi, a nan zan tsaya maka. Maganar takobi da mashi ta fi dacewa da mahayan Faransa da na Jamus, waɗanda gajeriyar bindiga suke rataye da ita. Na Birtaniya sun sha wuya a hannun Buwa, wato fararen manoman Afirka ta Kudu, tsakanin 1899 da 1902, suka dawo da darasi. Kafin 1914 kowane mahayi yana ɗauke da Lee-Enfield, irin wadda sojan ƙasa ke riƙewa sak: harsashi goma a ciki, ana ɗura shi biyar-biyar. An koya musu su dira, su kwanta, su yi harbi. A wajen harbi ba su da abin kunya.

Matsalarsu ta farko lissafi ce. Rajimantin doki cikakkiya mutum 549 ce, hafsoshi 26 da sauran soja 523, an raba su sikwadiron uku, kowace da rukuni huɗu. Bataliyar sojan ƙasa kuwa mutum dubu ce ko kusa. To idan an ce a sauka, doki ba ya tsayawa shi kaɗai. Cikin kowane mutum huɗu, ɗaya zai riƙe linzamin dawaki huɗu ya ja su baya. Cire wannan, cire maƙeran takalmin doki, masu gyaran sirdi, masu kekunan kaya, marasa lafiya. Abin da zai rage maka bai wuce 300 ba. Shi ya sa Malam ya ce 280. Amma a kan taswirar janar, rajimanti ta karɓi wurin bataliya, tsawon ramin bai ragu da taku ɗaya ba. Inda ya kamata a ga mutum uku, sai ka ga ɗaya, kuma babu wasu a baya da za su cike giɓi in an yi asara.

Malam Na-Tarihi: Haka ne Saje. Su ma manyan sun gane daga baya. A hunturun 1915 zuwa 1916, da za a sake tura mahaya rami, sai aka daina kiran abu da sunan da ba nasa ba: birged guda ta doki, wato rajimanti uku, ta ba da bataliya ɗaya, kowace rajimanti ta ba da kamfani ɗaya. Da an yi wannan lissafin tun Oktoba 1914, da an rage wasu kaburbura.

Auta: Gafara dai manya, ina da tambaya. Na ji ana cewa sun shiga yaƙin ba su da ko banati, wuƙar nan da ake sakawa a bakin bindiga. Gaskiya ne?

Tsohon Saje: Gaskiya ne Auta. A watan Agusta 1914 mahayin Birtaniya ba shi da banati, don ana ganin takobi ya ishe shi. To takobin yana ɗaure a jikin sirdi, sirdin yana bayan doki, dokin kuma an ja shi baya. In abokin gaba ya faɗo ramin, sai gindin bindiga. Sai wajen ƙarshen shekarar aka raba musu banati. Abin haƙa ma haka. Sojan ƙasa kowa da ɗan ƙaramin abin tonon ƙasa a ɗamararsa. Mahaya kuwa 'yan shebur da diga ƙalilan ne a kan dokin kaya ko cikin keke, ana karɓa-karɓa.

Ga kuma jigidar harsashi. Ta fata ce, ana ratayawa a ƙirji, tana ɗaukar 90. A kan doki babu kamarta. Amma ka kwanta da ita rub-da-ciki cikin caɓi, aljihunan su cika da laka, ka ciro harsashi mai laka ka tura cikin bindiga, sai sakatar ta cije. Abin da ya faru ke nan a Frezenberg: igwa tana watsa laka, ruwa yana zuba, bindigogi suka dinga cijewa daidai lokacin da Jamusawa suka taso. Dabarar da soja suka ƙirƙiro ita ce a sa tsohuwar safa ko tsumma a naɗe wajen sakata, a kwance sai za a yi harbi. Daga baya aka ɗinka marfin tamfol don wannan aikin.

Hajiya Mai Littafi: Malam Na-Tarihi, kafin Frezenberg akwai Zandvoorde, shi ma kusa da Ypres, kuma a ganina can ne aka fi ganin kuskuren a tsirara. Ranar 30 ga Oktoba 1914, mahayan gidan sarki, wato 1st da 2nd Life Guards da Royal Horse Guards, suna riƙe da tudun. An haƙa ramukan a fuskar gangaren da ke kallon Jamusawa. Dalilin a fahimce yake: kana hango nesa, kana da filin harbi. Amma wanda kake hange shi ma yana hangenka, mai duba wa igwa hanya yana ƙirga ramukanka ɗaya bayan ɗaya. Gajeru ne kuma, a rarrabe, babu ramin da ya haɗa su da baya. Da aka ba da umarnin janyewa, saƙon bai kai ga sikwadiron biyu ba, ɗaya ta Kyaftin Lord Hugh Grosvenor, da kuma masu bindiga mai ruwa na Lord Worsley. Kusan babu wanda ya dawo cikinsu. Akwai dutsen tunawa da su a wurin har yau.

Darasin da aka ɗauka shi ne a koma bayan ƙundun tudu. Filin harbinka zai ragu zuwa 'yan mitoci ɗari ɗaya ko biyu, amma da bindiga mai saurin harbi wannan ya isa, kuma igwar abokin gaba sai ta yi lalube.

Malam Na-Tarihi: Allah ya saka Hajiya. Washegarin wannan rana ma, 31 ga Oktoba, a Hollebeke inda aka kawo sojan Indiya su taimaka wa mahaya, Khudadad Khan na bataliyar 129th Baluchis ya ci gaba da harba bindigarsa har aka kashe dukan abokan aikinsa, shi ma ya ji rauni. Shi ne sojan Indiya na farko da ya sami lambar Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma ta Birtaniya. Layin da mahaya suka riƙe a tudun Messines, kudu da Ypres, siriri ne ƙwarai. An ƙwace tudun daga ƙarshe, amma ba a fasa layin ba.

Baban Ummi: To ai duk maganata kuke ƙarfafawa. Ba su da yawa, ba su da kayan aiki. Me ya hana a sayar da dawakin a mai da su sojan ƙasa gaba ɗaya? Kowa ya san abincin dabbobi da aka yi jigila zuwa Faransa ya fi harsashi nauyi.

Sarkin Barga: Alhaji, wannan lissafin gaskiya ne amma ana ɗora shi inda ba wurinsa ba. Hatsi da ciyawar da aka tsallakar sun haura tan miliyan 5 da dubu 400, harsashi kuwa wajen tan miliyan 5 da dubu 250. Sai dai mafi yawan bakunan da suka ci wannan abinci ba dawakin hawa ba ne. Dawaki ne da alfadarai masu jan igwa da kekunan abinci da na marasa lafiya. Igwa ɗaya mai harsashin da nauyinsa ya kai fam 18 doki shida ke janta. Mahaya kuwa, zuwa 1918 ba su kai kashi biyu cikin ɗari na sojan Birtaniya da ke Faransa ba. Ko ka rushe su duka, jiragen ruwa ba za su daina ɗaukar ciyawa ba.

Bari in faɗi abin da ake mantawa: lokacin da mutane suke rami, me ke faruwa a barga? Mutum ɗaya ne a kan doki uku, huɗu, wani lokaci fiye. Kowane doki yana buƙatar hatsin ot wajen kilo biyar da busasshiyar ciyawa kusan haka a rana, a raba sau uku ko huɗu don cikin doki ƙarami ne. Ruwa lita 30 zuwa 40, kuma a shayar kafin a ba da hatsi, in ba haka ba ciwon ciki. Sai goga, sai share kofato, sai zagayawa da su: mutum ya hau ɗaya ya ja biyu. In hannu ya yi kaɗan, goga ake fara yadawa, daga nan sai ƙazwa. Ita kuwa tana bin bargo da goga da sirdi ta gama layi gaba ɗaya. Maganinta shi ne a aske dokin, a bi da shi cikin dogon kwami mai ruwan ƙibiritu da farar ƙasa da ɗumi, har ya nutse ya fito, a maimaita bayan kwanaki.

Ƙasar ma abokiyar gaba ce. Doki ya kwana tsaye cikin taɓo, bayan dundunensa ya tsage ya yi gyambo. Shi ya sa aikin farko a sabon masauki shi ne a kwaso tubalin rusassun gidaje a shimfiɗa daɓe, a ɗan karkata shi, a ja lambatu a baya. Sai ƙusa. Ana fasa akwatunan abinci a yi makamashi, a zubar da toka a hanya da ƙusoshi a ciki, doki ya taka. Dawakin da ƙusa ta gurgunta suna da yawa har sai da aka riƙa ajiye gwangwanaye a bakin hanya don a tsinta a zuba.

Auta: Sarki, askin nan bai cutar da su ba a ƙasar sanyi?

Sarkin Barga: Ya cutar. A yaƙin Arras, Afirilu 1917, an taso da dawakin da aka aske, ga abinci an rage, aka tsayar da su a fili dare da rana cikin dusar ƙanƙara. Da yawa sanyi da gajiya ne suka kashe su, harsashi bai taɓa su ba.

Tsohon Saje: In koma rami kaɗan, don Auta ya ga bambancin abin da ya kamata da abin da aka samu. Rami mai kyau zurfinsa ya kai mita biyu, mutum ya yi tafiya kansa a ɓoye. A gaba akwai dakali da za a taka a yi harbi. Tudun ƙasar gaba kaurinsa ya kai taku huɗu zuwa biyar, in bai kai ba harsashi zai huda. A baya ma akwai tudu, don tare ɓaraguzan igwar da ta faɗi baya, kuma don kada kan mutum ya fito sarai a jikin sama. Ba a haƙa shi a miƙe. Kowane 'yan mitoci sai ya yi kwana, saboda in harsashin igwa ya faɗa ciki, ɓarnarsa ta tsaya a ɗaki ɗaya, kuma wanda ya shigo ba zai share layin duka da bindiga ba. Buhun ƙasa ba a cika shi taf, kashi uku cikin huɗu ake zubawa, a jera kamar ginin bulo, baki da ɗinki su kalli ciki, a daddaɓe da bayan shebur.

A yankin Ypres in ka yi haƙa kaɗan ruwa zai taso, don haka rabin ramin sama ake gina shi. Na Frezenberg kuwa sababbi ne, an koma cikinsu a farkon watan bayan an ja layi baya, igwa ta riga ta yi kwanaki tana dukansu. Mutanen da suka iso cikin duhu ba su san wurin ba, sa'o'i kaɗan suka samu kafin asuba.

Ga kuma igwarsu. Mai rakiyar mahaya ƙarama ce, harsashin fam 13, an yi ta don ta bi doki da gudu. A kan mutane a fili tana aiki, amma ba ta iya mayar wa manyan igwogin Jamus martani, kuma a watan Mayu 1915 harsashin igwa ya yi ƙaranci a duk rundunar Birtaniya. Gurneti ma yawanci na gwangwanin jam ne da ake haɗawa da hannu. Da Jamusawa suka shiga ramin maƙwabta ta gefe suka fara bin sa da gurneti kwana bayan kwana, 'yan Leicestershire ba su da abin mayarwa sai bindiga.

Hajiya Mai Littafi: Duk da haka bayan ƙarfe biyu na rana 10th Hussars da Essex Yeomanry da Royal Horse Guards suka taso da ƙafa, da banatin nan da aka ba su 'yan watanni baya, suka kori Jamusawa daga ramukan. Sai dai babu ramin da za a riƙe, igwa ta baje shi, dole suka ja baya kaɗan. Essex ta rasa fiye da rabin waɗanda ta shiga da su, tsakanin matattu da masu rauni.

Kwana 11 bayan haka, 24 ga Mayu, sai iskar gas. Kafin asuba aka sako kulorin a kan layin da 9th Lancers da 18th Hussars suke. Abin kariyar lokacin auduga ce cikin baƙin ƙyalle, a jiƙa da ruwan magani a ɗaure a baki da hanci. Tana bushewa ta daina aiki, in kuma an jiƙa ta da yawa numfashi ba ya wucewa, sai mutum ya cire. Gas ɗin ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan rami. Wanda ya hau dakali ya tsaya ya fi tsira a kan wanda ya kwanta, wanda ya gudu kuwa tare da hayaƙin yake tafiya yana haki. A ranar aka kashe Kyaftin Francis Grenfell na 9th Lancers, wanda ya sami Victoria Cross saboda jarumtar da ya nuna a Agusta 1914.

Ɗan Garwa: Salamu alaikum. A tuna mu ma an yi irin wannan a ƙasarmu a daidai lokacin. Sojan Najeriya, har da masu hawan doki, sun taso daga Yola a ƙarshen Agusta 1914 suka afka wa Garwa ta ƙasar Kamaru, inda Jamusawa suka yi ramuka da ganuwa. An kore su da asara, kwamandansu Maclear ya mutu. Garin bai faɗi ba sai Yuni 1915, bayan an kawo manyan igwogi an kuma bi shi da haƙa a hankali.

Malam Na-Tarihi: Gaskiya ne Ɗan Garwa, kuma ya cancanci zama na musamman tare da yaƙin dutsen Mora, shi ma a Kamaru. Mu ajiye shi zuwa mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Baban Ummi: Na karɓi gyaran Sarkin Barga a kan abinci. Amma ku nuna min inda jiran nan ya biya. A High Wood, 14 ga Yuli 1916, sai da yamma aka sako 7th Dragoon Guards da Deccan Horse, bayan damar ta wuce. A Cambrai, Nuwamba 1917, tanka ta karya gadar Masnières, rundunar doki ta tsaya a bakin ruwa, sikwadiron ɗaya ta Fort Garry Horse ta Kanada ce ta haye a wurin. A Monchy-le-Preux an cusa dawaki cikin titunan ƙauye igwa ta yi musu kaca-kaca.

Tsohon Saje: Duk abin da ka lissafa ya faru, Alhaji. Amma duba dalilin. Saƙo daga bakin daga zuwa hedikwata yana ɗaukar sa'o'i, don igwa tana tsinke wayar tarho, sai ɗan aike da ƙafa. Kafin izini ya dawo, Jamusawa sun kawo bindiga mai ruwa sun toshe. Sannan dole a yi wa dawaki hanya ta musamman: a cike ramuka, a ɗora gadojin katako, a yanke waya mai ƙaya, kuma su mahayan ne ke wannan aikin da shebur. Laifin saƙo ne da ƙasa, ba na doki kaɗai ba.

Monchy kuwa, 11 ga Afirilu 1917, a duba ta gefe biyu. Dawaki sun mutu da yawa, har Birgediya Bulkeley-Johnson aka kashe. Amma Essex Yeomanry da 10th Hussars sun isa da sauri, suka dira, suka kafa bindigogi, suka riƙe ƙauyen. Lokacin suna da Hotchkiss, bindiga mai sarrafa kanta, wadda aka fara ba su a 1916. Iska ke sanyaya ta, doki ɗaya ke ɗauka, tana cin harsashi 30 a jikin faifan ƙarfe. Aibinta shi ne faifan in ya ɗan lanƙwashe ko laka ta taɓa shi, sai ta tsaya. Vickers, bindiga mai ruwa, ta fi juriya: ɗamara mai harsashi 250, tulun ruwa kusan lita huɗu kewaye da bututu, yana tafasa bayan harbi wajen 600 a jere, don haka ake sa tiyo a kai tururin cikin galan, kada hayaƙinsa ya tona wurin, a kuma sake amfani da ruwan.

Inda suka fi biya shi ne Maris 1918, da Jamus ta fasa layi ranar 21 ga wata. Hanyoyi sun cunkushe, mota ba ta motsi. Mahaya ne ke ratsa gonaki su isa inda ya ɓalle, su sauka su toshe, su hau su koma wani wurin. Moreuil Wood, 30 ga Maris, misali ne. A wannan lokacin ne aka yi ta neman su, alhali an riga an tura mahayan Indiya Falasɗinu, an kuma sauke wasu rajimantoci daga doki.

Hajiya Mai Littafi: A nan ne nake ganin asarar Frezenberg ta fi ciwo. Sojan ƙasa ana iya shirya shi cikin 'yan watanni. Mahayin da zai kula da doki, ya karanta taswira, ya yi leƙen asiri, ya kuma yi harbi, shekaru yake ɗauka. Duk ranar da aka toshe rami da irinsu, ana kashe abin da ba a iya mayarwa da wuri. Sai dai a Mayu 1915 babu wasu a hannu. Ko su, ko a bar Ypres.

Baban Ummi: Wannan na yarda da shi, Hajiya. Abin da ban sauka daga kai ba shi ne yawansu. Runduna biyar ta doki a 1916 ta yi yawa. Biyu ko uku sun isa aikin da Saje ya bayyana.

Auta: Su 'yan Leicestershire ɗin, sun sake hawa doki bayan wannan rana?

Malam Na-Tarihi: Sun sake, Auta. An cike gurbinsu da sababbi daga gida, suka ci gaba da kai-kawo tsakanin barga da rami da aikin shebur. A bazarar 1918 aka raba rajimantin, kowace sikwadiron aka haɗa ta da wata: 4th Hussars, 5th Lancers da 16th Lancers. A haka suka ƙarasa yaƙin, a kan doki, amma ƙarƙashin sunan wasu. Har yanzu ana taruwa a Leicestershire cikin watan Mayu don tunawa da Frezenberg, kuma akwai dutsen tunawa da su a kan tudu a Bradgate Park.